Makaho da Waiwaye

  

Jama'a masu sauraro, yau da tambaya na zo muku, kuma a bakin wani yaron shago na tsince ta, a layin 'yan shadda na Kantin Kwari. Wani dattijo ne mai lalurar gani ya zo sayen yadi, jikansa na riƙe masa da sanda. Ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya murza gefen yadin a tsakanin yatsunsa, sannan ya ce da mai shagon: "Alhaji, wannan ba ta da sheƙi. Ɗauko mini mai maiƙo, kuma ruwan toka nake so, kada ka ba ni mai duhu." Da suka gama ciniki suka tafi, sai yaron ya dubi maigidansa ya ce: "Baba, shi kuwa ina ruwansa da launi? Me ya sani a kan sheƙi?"

Kada ku ga laifin yaron. Manyan masana sun fi shekara 300 suna jujjuya wannan tambaya tasa.

Kafin mu yi nisa, mu rarrabe. Wanda ya rasa ganinsa da girmansa, ta dalilin hawan jinin ido ko ciwon suga ko amosanin ido, yana da ajiyar launuka a ransa, in ka ce masa ja ya san abin da ya taɓa gani. Da yawa kuma daga cikin waɗanda muke kira makafi suna iya bambance haske da duhu, ko da ba sa ganin siffar komai. Wanda muke magana a kansa yau shi ne wanda aka haifa bai taɓa ganin komai ba, ko da sau ɗaya. Shi me yake fahimta in an ce abu yana ƙyalli, ko ruwa ya yi garau, ko gari ya yi hazo?

Mu fara da sheƙin shaddar. Me ya sa wani yadi yake sheƙi wani ba ya yi? Haske kamar ƙwallo yake. In ka buga ƙwallo a kan siminti mai santsi, ka san inda za ta nufa. In ka buga ta a kan tsakuwa, sai inda ta ga dama. Haka haske yake yi: in ya sauka a kan abu mai santsi sai ya dawo a dunƙule ta fuska ɗaya, ido ya ga sheƙi, in ya sauka a kan abu mai kaushi sai ya warwatse, ido ya ga abin a dushe. Masu bugu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafin makaranta. Ku je marinar Ƙofar Mata, ko garin Kura da ya yi suna wajen turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, ku ga yadda ake ɗora rinannen yadi a kan gungume ana dukansa da mabugi har zaren ya kwanta luf. Kwanciyar zaren nan ita ce sheƙin. Abin da idonka ya kira sheƙi, shi yatsa ke kira santsi. Ashe dattijon nan da ya murza gefen shadda ya ce ba ta da sheƙi, sanadin sheƙin ya taɓa da hannunsa, alhali mu masu ido sakamakon kawai muke gani.

Inuwa kuma fa? Babu wanda zai koya wa makahon Kano inuwa a watan Afirilu. Fatarsa ta san inda rumfa ta fara da inda ta ƙare. Ya san da hantsi inuwar katanga tana wannan gefe, da la'asar ta koma wancan. Wanda ya san wannan ya riga ya san cewa haske a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya zagaya katanga, kuma duk abin da ya tare shi sai ya bar gurbi a bayansa. Haka nan baƙar riga. Sa ta ka tsaya a tashar mota da tsakar rana, sannan ka sa fara, jikinka zai gaya maka bambancin ba sai an nuna maka ba. Hasken rana a haɗe yake da launuka iri-iri, waɗannan da muke gani a bakan gizo. Kowane abu yana shanye wasu ya mayar da wasu, abin da ya mayar shi ne launinsa. Baƙi shanye kusan duka yake yi, ya mayar da su zafi. Fari kuwa mayar da su yake yi. To ka ga ko a launi ma akwai ɗan abin da fata ke tsinta.

Amma hannu yana da iyaka, kuma dole mu faɗi gaskiya. Ɗauko gilashin taga, ka ɗauko madubi, ka miƙa wa mutum a cikin duhu. Sanyinsu ɗaya, santsinsu ɗaya, in ka ƙwanƙwasa su ma ƙararsu kusan ɗaya ce. Ga ido kuwa, tsakaninsu kamar sama da ƙasa: ɗaya haske ke ratsa shi ya wuce, ɗaya kuma dawo da hasken yake yi. Jar shadda da koriyar shadda daga kamfani ɗaya, babu yatsan da zai raba su. A nan ne kunne ke karɓar aiki.

Hausawa na cewa aikin banza, makaho da waiwaye. Na daɗe ina jayayya da wannan karin magana a raina. Wanda ya ƙirƙire ta ya ɗauka ido kaɗai ake juyawa in an waiwaya, ya manta kunnuwa biyu a jikin kan suke. Sauti yana riga isa kunnen da ya fi kusa da shi, da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke gane daga ina ya fito, kuma juya kai yana ƙara daidaita lissafin. Ku lura da makaho in zai tsallaka titi a Sabon Gari, a cikin hayaniyar adaidaita sahu da janareto da masu kiran fasinja: yana karkatar da kansa, yana sauraron ƙarar sandarsa in ta daki ƙasa ta dawo daga bango. Da wannan yake gane lungu daga fili, yake gane ƙofar shago a buɗe take ko a rufe. Mutumin da ya san amsa-kuwwa haka, wace wahala zai sha wajen gane madubi? Madubi amsa-kuwwar haske ce. Gilashi kuma kamar labule ne ga murya: ka ji ana hira a ɗaki alhali hannunka ya taɓa shamaki. Ya kuma san in ya zauna kusa da tagar mota, gilashi a rufe, iska ba ta shigowa amma zafin rana yana dukan hannunsa. Abu mai nisa yana ƙanƙancewa a ido, kamar yadda kiran salla daga masallaci mai nisa ke zuwa a raunane. Hazon hunturu kuwa, wanda ke sa a ga gari dishi-dishi, kamar mutum ne ya yi maka magana da mayafi a bakinsa.

Akwai wani abu a harshenmu da nake so ku tsaya ku duba. Hausa kashi biyu ta raba hanyoyin sanin duniya: gani da ji. Gani na ido ne shi kaɗai. Ji kuwa ya kwashe sauran duka. Na ji ƙara, na ji zafi, na ji ƙamshi, na ji ɗaci. Kuma in mutum ya fahimci harshe, cewa muke yi yana jin Hausa. In ya gane bayani, sai ya ce na ji. Wanda aka haifa ba ya gani, gani ya rasa, amma jin nan gaba ɗayansa yana hannunsa, har da jin da ke nufin fahimta.

Ku kuma duba yadda muke raɗa wa launuka suna. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ƙwai, ruwan hoda, ɗanyen haki. Kowanne da sunan wani abu aka kira shi, abin da yaro makaho ya taɓa, ya shinshina, wani ma ya ɗanɗana. Tun daga sunan ya san launin da abin da yake tafiya tare da shi. Sannan ga kalmomin ƙarfafawa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Daga su yake gane launi yana da daraja-daraja, akwai mai ƙarfi akwai mai rauni, kamar yadda murya take da amo da raɗa. Ga farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan aiki da jan hali. Wa ya taɓa ganin launin cikin wani? Duk da haka mun san abin da fari ke ɗauke da shi a zuciyar Bahaushe, kuma makaho ya san shi daidai da yadda muka san shi, domin daga baki ɗaya muka koya.

Masu bincike sun gwada wannan. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka akwai wata malama, Marina Bedny, wadda ita da abokan aikinta suka daɗe suna nazarin tunanin waɗanda aka haifa ba sa gani. A 2019 sun fitar da wani bincike a kan kalmomin haske da na kallo a Turanci, irin waɗanda mu za mu ce walƙiya, ƙyalli, ƙyalƙyali, tartsatsi, ko leƙe, ƙura ido, satar kallo. Suka nemi makafi da masu ido su faɗi waɗanne ne suka fi kusa da juna a ma'ana. Amsoshin suka zo kusan iri ɗaya. Makafin sun san wane haske ne mai ƙarfi, wane ne mai laushi, wane ne ke tsayawa, wane ne ke ƙyaftawa yana ɗaukewa. Sun san wane kallo ne na ɗan lokaci, wane ne mai daɗewa.

A 2021 kuma suka koma kan launi, kuma wannan ne ya fi burge ni. In aka tambayi launin wani abu ɗaiɗai, kamar ayaba, makafi ba su cika haɗuwa a kan amsa ɗaya ba yadda masu ido ke haɗuwa. Wannan ba abin mamaki ba ne, haddace ce, in ba a gaya maka ba ba za ka sani ba. Amma da aka zo tambayar dalili, sai tafiya ta zama ɗaya. Sun san abubuwan da suka tsiro da kansu, irin 'ya'yan itace, yawanci launinsu ɗaya ne a jinsinsu. Sun san abin da mutum ya ƙera, kamar mota, yana iya zuwa da kowane launi. Sun kuma san in launin yana da aikin yi, kamar alamar tsayawa a kan titi, to dole a yi shi iri ɗaya ko'ina. Mu kawo shi gida: tambayi makahon Kano, motoci biyu da suka wuce launinsu ɗaya ne? Zai ce wa ya sani. Adaidaita sahu biyu fa? Zai ce ai duk ruwan ɗorawa ne. Tumatir a kasuwar 'Yankura, in ya ji shi da tauri ya san kore ne, in ya yi laushi ya san ya yi ja, domin ya san nuna ce ke kawo duka biyun.

Har kuskurensu ma da hankali a cikinsa. Akwai wata ƙatuwar dabba mai gashi da ke zaune a ƙasashen ƙanƙara, can ƙuryar arewacin duniya. Fara ce. Wasu daga cikin makafin da aka tambaya sun ce baƙa ce, kuma suka kawo hujja: dabbar da ke cikin sanyi haka tana bukatar launin da zai riƙe mata zafin rana. Amsar ba daidai ba ce, amma wanda ya ba da ita ya san aikin baƙin launi fiye da ɗalibai da yawa masu ido biyu.

Ita ƙwaƙwalwa ma ba ta barin fili ya zauna saura. Sashen da ke kula da gani yana wajen ƙeya. A 1996 wani masani ɗan Japan, Norihiro Sadato, da abokan aikinsa suka nuna cewa in wanda ya makance tun yana ƙarami yana karanta rubutun makafi da yatsa, wannan sashe na gani yana aiki. Daga baya aka gano yana shiga har cikin aikin fahimtar magana.

Jama'a, in muka koma tarihinmu, ai mun san wannan tuni. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, makaho ne, kuma yana ɗaya daga cikin ladanan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Bilal yana kiran salla da sauran dare, shi kuwa ɗan Ummi Maktum ba ya kira sai an gaya masa alfijir ya keto, kuma da kiransa ne masu sahur ke tsame hannu. Ku dubi wannan da kyau. Ketowar alfijir abu ne na haske zalla, da ido ake gane shi. Amma aka damƙa sanar da shi a hannun wanda ba ya gani, ya dogara da labarin amintattu, al'umma kuma ta dogara da shi. Mu ma ɗin, nawa ne daga cikin abin da muka sani muka gani da idonmu? Wa ya taɓa ganin ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro in ba ma'aikacin ɗakin gwaji ba? Amma mun san yadda take shiga jiki da yadda ake maganinta.

A Ingila an yi wani mutum, Nicholas Saunderson, wanda agana ta cinye masa idanu yana ɗan kimanin shekara ɗaya. A 1711 aka ba shi kujerar farfesan lissafi a jami'ar Kambirij, kujerar da Isaac Newton ya taɓa zama a kai, kuma cikin darussan da yake koyarwa har da ilimin haske: yadda yake tafiya, yadda yake karyewa in ya shiga gilashi, yadda yake rarrabuwa zuwa launuka. Masu ido ne ke zama a gabansa suna rubutawa. A Basra, fiye da shekara 1200 da suka wuce, an yi mawaƙi Bashshar ɗan Burdu, wanda aka haifa makaho, kuma har yau malaman balaga da baitinsa suke kafa misali in ana zancen siffanta abin da ido ke gani. Mu ma muna da Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙanƙane, ya kuma bar wa Hausa waƙar da har yanzu ake rerawa.

To amma kada a fahimce ni a karkace. Sanin abu daban, ganinsa daban, kuma makafi da kansu su ne farkon masu faɗin haka. Masanin falsafar Ingila John Locke ya ba da labarin wani makaho da ya ce ya gane jan launi, kamar ƙarar kakaki yake. Locke ya kawo labarin ne don ya nuna mutumin bai san ja ba. Ni kuwa ina ganin ya kamo wani gefe na gaskiya, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a hawan Salla ya san yadda kakaki ke keta hayaniya ya ja hankali, kamar yadda jar rigar dogari ke yi a cikin taro. Sai dai shi jan kansa, yadda yake sauka a ido, wannan ba a ba shi ba.

A 1688 wani mutumin Ayalan, William Molyneux, ya aika wa Locke tambaya: in wanda aka haifa makaho ya saba bambance dunƙulallen abu da mai kusurwa da hannunsa, sai rana ɗaya idonsa ya buɗe, zai iya nuna wanne ne wanne ba tare da ya taɓa ba? An yi ƙarnuka ana gardama. A 2011 masu wani shiri a Indiya mai suna Prakash, ƙarƙashin jagorancin Pawan Sinha, suka gwada da yara biyar da aka haifa da cutar da ta hana su gani, aka yi musu aiki suna tsakanin shekara 8 da 17. A kwana biyun farko, in aka ba yaro abu ya shafa, sannan aka nuna masa abubuwa biyu aka ce nuna wanda ka taɓa, sai ya zama canki-canka. Bayan 'yan kwanaki kuwa suka fara haɗa abin da hannu ya sani da abin da ido ke gani. Ashe gani ma koyonsa ake yi.

Wannan ya kawo ni ga iyaye mata da ungozomomi, ku matso kusa da rediyo. Ba duk jaririn da aka haifa ba ya gani ne zai dawwama haka ba. Akwai waɗanda yanar ido ce aka haife su da ita, kuma ana cire ta. In kika ga fari-fari a tsakiyar ƙwayar idon jaririnki, ko ya kai wata uku ba ya bin fuskarki da kallo, ko idanunsa suna rawa ba sa tsayawa, kada ki ɗiga masa nono, kada ki sa masa ruwan wani ganye, kada a ce bari ya girma tukuna. A watannin farko ne ƙwaƙwalwa ke koyon gani, in aka makara ko an cire yanar ganin ba ya kaiwa yadda ya kamata. Farin nan kuma wani lokaci alamar ciwon daji ne na ido, wanda ba ya jira. Ga asibitin ido na ECWA nan kusa da mu, tun 1943 yake wannan aiki, ga asibitin Murtala, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. A kuma kai yara rigakafin ƙyanda, domin ta makantar da yara masu yawa a ƙasar nan.

In kuwa Allah Ya ƙaddara yaron ba zai gani ba, to kada a rage masa Hausa. Na sha ganin uwa tana tauna harshe, tana tsoron ta ce wa ɗanta "duba" ko "ka gani", tana ganin kamar za ta fama masa ciwo. Wasu malamai biyu a Amurka, Barbara Landau da Lila Gleitman, sun bi wata yarinya makauniya tun tana koyon magana, suka fitar da littafi a kanta a 1985. In aka ce mata ta duba sama, hannuwanta take ɗagawa, domin a wurinta duba shi ne bincika abu da hannu. Da ta ƙara wayo sai ta gane da kanta cewa masu ido daga nesa suke nasu duban. Babu wanda ya ɓoye mata kalmar, shi ya sa ta mallake ta. Ki gaya wa ɗanki rigar Sallarsa shuɗiya ce, hularsa da ratsin fari. Ki gaya masa hadari ya haɗo gabas ta yi baƙi ƙirin, ya haɗa da iskar da yake ji da ƙamshin ƙasa. Ki ce masa an yi walƙiya, ya jira tsawa, ya lissafa tsakaninsu. Lokacin makaranta kuma ga makarantar masu bukata ta musamman a Tudun Maliki, inda ake koyar da rubutun da ake karantawa da yatsa.

Kai kuma ɗan'uwana na Kwari da na kasuwar Sabon Gari, in mai lalurar gani ya shigo shagonka, da shi za ka yi magana, ba da ɗan jagoransa ba. Ka ce masa wannan ruwan toka ce mai haske, waccan ta fi duhu tana neman komawa baƙi, wannan tana da zanen ganye manya-manya, waccan kuma in aka wanke ta sau biyu maiƙon zai tafi. In ya tambaye ka ko za ta shiga da jar dara, ka ba shi amsar da za ka ba ƙaninka. Shi zai sa rigar ya shiga taron ɗaurin aure, ya kuma san sarai idanun jama'a za su sauka a kanta.

Agogo ya cim mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwanmu masu lalurar gani da ke sauraronmu yanzu, muna son jin yadda ku kuke fahimtar waɗannan abubuwa da bakinku, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.